Littattafan Dokar Ikilisiya a Hannun Masu Gwanjo

A shekarar 1971 wasu dillalan tsofaffin littattafai na jihar Kalifoniya a Amurka suka fitar da wani littafi mai kyan gani. Maƙala biyu ne a cikinsa a kan Decretum na Giratiyan, wato babban littafin dokar Ikilisiyar Yamma. Sai dai abin da ya jawo masu saye yana can a tsakiya: a cikin kowane kwafi an saka warƙa guda ta ainihi, wadda Peter Schöffer ya buga a kan fata a birnin Mainz na Jamus a 1472. Kwafin da aka fitar ba su kai 200 ba. An ɗauki littafin da ya kusa cika shekara 500, aka kwance ɗinkinsa, aka raba warƙoƙinsa ɗaya bayan ɗaya kamar naman watanda, kowa ya tafi da kasonsa. Masu tara littattafai sun yaba aikin. Ni kuwa ina ganin ya nuna abin da kasuwa ta mai da waɗannan littattafai, kuma ya kamata mai shirin hidimar Ikilisiya ya san abin da ake sayarwa kafin ya ce ba ruwansa.

Wajen shekarar 1140 wani malami mai suna Giratiyan, wanda ake danganta shi da birnin Bolonya a Italiya, ya tara dokoki kusan 4,000 daga majalisun Ikilisiya, wasiƙun paparoma da rubuce-rubucen iyayen Ikilisiya irin su Agustin da Ambros. Sunan da littafin ya fito da shi yana nufin sasanta dokokin da suka saɓa wa juna, kuma aikin ke nan: a kawo hujjar wannan gefe, a kawo ta wancan, sannan malamin ya faɗi yadda za a daidaita su. Ba paparoma ne ya sa shi ba, ba kuma wanda ya taɓa ƙaddamar da littafin a matsayin doka. Makarantu ne suka karɓe shi, kotuna suka bi. A 1234 Paparoma Giregori na 9 ya fitar da tarin hukunce-hukuncen paparoma wanda Raymond na Peñafort ya shirya, cikin kashi biyar: alƙalai, shari'a, ma'aikatan Ikilisiya, aure, laifuffuka. Bonifas na 8 ya ƙara na shida a 1298. Dokokin Kilemen na 5 suka fito a 1317 ta hannun magajinsa Yohanna na 22. Waɗannan, tare da wasu ƙananan tari biyu, su ne jikin dokar da Ikilisiyar Katolika ta yi aiki da shi har aka maye gurbinsa da sabon kundi na 1917.

Ba wanda yake karanta matanin shi kaɗai. Kowane littafi yana da sharhinsa da makarantu suka amince da shi: na Yohanna Teutonicus, wanda Bartalamawas na Brescia ya gyara, a kan Giratiyan; na Bernard na Parma a kan Giregori; na Yohanna Andreae a kan sauran biyun. Matani yana zaune a tsakiyar shafi da manyan baƙaƙe, sharhi ya kewaye shi ta gefe huɗu da ƙanana. Wanda ya taɓa buɗe littattafan fiƙihu na zauren malamanmu, inda hashiya take zagaye matani, zai gane fasalin nan take.

Da injin ɗab'i ya zo, masu sana'ar ba su ɓata lokaci ba. Littafi Mai Tsarki na Gutenberg ya fito wajen 1455. A watan Yuni na 1460 Johann Fust da Schöffer suka gama buga dokokin Kilemen tare da sharhinsu, kuma ana lissafa shi a matsayin littafin doka na farko da ya fito daga injin. Littafi na shida ya biyo baya a 1465. Heinrich Eggestein ya buga Giratiyan a Strasbourg a 1471, Schöffer ya buga nasa a shekara ta gaba. Daga nan Nicolas Jenson da Baptista de Tortis a Benis, Anton Koberger a Nuremberg, da maɗaba'un Basel suka cika kasuwa. Dalilin gaggawar a fili yake. Duk wanda yake son muƙami a fadar bishop, ko a majalisar sarki, ko a kotun aure, sai ya bi ta waɗannan littattafai, kuma kwafin hannu yana cin watanni masu yawa da kuɗi mai yawa. Aikin jera baƙaƙen kuwa ba wasa ba ne: dole sharhi ya faɗo a shafi ɗaya da kalmar da yake bayani a kai, don haka sai an auna kowane shafi tun kafin a jera shi. Schöffer ya yi aikin magatakarda a Paris kafin ya shiga ɗab'i, kuma hannun nan yana nunawa a shafukansa.

To, me mai gwanjo yake gani idan irin wannan littafi ya zo teburinsa? Duba kundin bayanin kowane babban gidan gwanjo. Za a faɗi sunan mai ɗab'i da shekara, domin duk abin da aka buga kafin 1501 yana da aji na musamman da farashi na musamman. Za a faɗi ko fata ce ko takarda. Za a faɗi ko an ƙawata haruffan farko da ja da shuɗi ko da ruwan zinariya, ko bangon na asali ne mai katako da fatar alade, ko ƙarfen rufewa yana nan, ko gara da danshi sun taɓa shi, ko gefen shafi yana da faɗi. Za a lissafa manyan mutanen da suka taɓa mallakarsa. Abin da littafin ya ce kuwa, layi ɗaya ko biyu ya ishe shi. Ba na cewa wannan bayani banza ne. Masana tarihin ɗab'i suna amfana da shi ƙwarai, kuma wasu dillalan sun fi malaman jami'a sanin takarda da tawada. Amma ma'auni ne da zai ba littafin girke-girke da littafin hukuncin aure daraja ɗaya muddin hannu ɗaya ne ya buga su.

Akwai kuma ɗan ruɗi a kalmar nan da ake yawan liƙa musu, wai littattafai ne masu wuyar samu. Manyan littattafan doka suna cikin abubuwan da suka fi tsira daga ƙarni na 15. An buga su sau da yawa, suna da nauyin da ba a yawo da su, kuma yawancinsu sun zauna a ɗakunan karatu na majami'u da gidajen 'yan zuhudu, wasu ma ɗaure da sarƙa. Ƙananan littattafan addu'a da na 'yan makaranta su ne suka ƙare a hannun masu karatu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kwafin da ya rage a kasuwa, domin galibi sun riga sun shiga ɗakunan karatu na gwamnati da jami'o'i. Yadda suka shiga ɗin ma labari ne. A 1803 gwamnatin Bavariya ta rufe gidajen 'yan zuhudu ta kwashe littattafansu zuwa Munik, shi ya sa ɗakin karatun birnin yake da kwafi kusan 20,000 na bugun farko, fiye da ko'ina a duniya. Da aka ga kwafi sun yi ta maimaituwa sai aka sayar da wasu. Juyin juya halin Faransa ya yi irin wannan aiki a can. Mai saye na yau, idan ya buɗe bango ya ga sunan wani gidan zuhudu da aka rubuta da hannu, yana kallon shaidar ƙwace ne da aka yi da sunan doka.

A nan dole a yi wa masu tarawa adalci. A lokacin da gwamnatoci suke zubar da waɗannan littattafai, wasu ana auna su a sikeli a sayar wa masu naɗe kaya, masu sha'awa ne suka sa kuɗinsu suka cece su. Da yawa daga manyan tarin da ɗalibai suke amfani da su kyauta a yau kyautar irin waɗannan mutane ce. Amma sun yi ɓarna su ma. Masu tarawa na ƙarni na 19 suna son shafi fari tas, don haka aka wanke rubutun da masu karatu na dā suka yi a gefe, aka yanke gefen don ya yi daidai, aka cire tsohon bango aka sa sabo mai ƙyalli. A littafin doka wannan hasara ce babba. Rubutun gefe shi ne yake nuna wace doka alƙalin wani gari ya yi aiki da ita, wace ce malami ya tsallake, ina ɗalibi ya zana ɗan yatsa yana nuni. Yanzu masana sun fara tattara irin waɗannan alamu a rumbun kwamfuta, kwafi bayan kwafi, sai ga shi kwafin da aka raina don ya yi datti ya fi wankakken amfani.

Mu koma ga warƙar da aka yanke. Hujjar masu yanka ita ce kwafin da ma bai cika ba, kuma gara mutum ɗari biyu su taɓa aikin Schöffer da hannunsu da a kulle shi a akwatin attajiri ɗaya. Haka Gabriel Wells ya yi a New York a 1921 lokacin da ya rarraba wani kwafin Littafi Mai Tsarki na Gutenberg. Hujjar tana da ɗan ƙarfi a kan Littafi Mai Tsarki, domin warƙa ɗaya ta Ishaya ana iya karanta ta a amfana, kuma kowa yana da sauran a gida. A kan Giratiyan ba ta tsayawa.

Ga misali. Kashi na biyu na littafin shari'o'i ne 36 da malamin ya ƙirƙira don koyarwa. Ta 29 tana cewa an gaya wa wata 'yar manyan gida cewa ɗan wani basarake yana neman aurenta, ta yarda. Sai wani bawa ya zo da sunan wancan, aka ɗaura, ya tare da ita. Daga baya mai sunan na ainihi ya bayyana yana neman matarsa. Akwai aure tsakaninta da wanda ya yaudare ta? Giratiyan ya raba kuskure gida huɗu: kuskure a kan wane ne mutumin, a kan ɗa ne ko bawa, a kan dukiyarsa, da a kan halinsa. Biyun farko suna rushe yarda. Biyun ƙarshe ba sa rushewa: wadda ta auri matalauci tana tsammani mai kuɗi ne, ko mugu tana tsammani nagari ne, aurenta yana nan. Sai ya kawo wa kansa ƙalubale daga Farawa: Yakubu ai Rahila ya nema aka ba shi Lai'atu, me ya sa aurensu ya tsaya? Amsarsa ita ce akwai yardar da take zuwa kafin abu da wadda take zuwa bayansa, kuma Yakubu ya yarda daga baya. Ko ka karɓi amsar ko ba ka karɓa ba, kana ganin mutum yana tunani a gabanka, mataki bayan mataki. Duk fasto da ya taɓa zama da dattawa a kan auren da aka gina bisa ƙarya ya san tambayar ba ta mutu ba.

Yanzu ka yanke wannan a tsakiya. Mai warƙa ɗaya zai iya samun ƙalubalen ba amsa, ko dokokin gefe ɗaya ba na ɗaya gefen, ya rataya a bango abin da marubucin ya kawo ne don ya rushe shi. Sharhin kuma kusan kowane layinsa aike ne zuwa wani wuri: duba shari'a kaza tambaya kaza, duba babi kaza a littafin Giregori, duba dokar Romawa. Littafi ne da aka yi don a riƙa jujjuya shi gaba da baya da yatsu uku a cikin shafuka. Kwafin fata na bugun 1472 yana da warƙa fiye da 400, wato fatun dabbobi wajen 200. Ko rabinsa ne ya rage, rabin nan yana da abin da zai faɗa game da wanda ya mallake shi da yadda ya karanta shi. Da zarar an watsa shi ba mai sake haɗa shi.

Wani zai ce ai don karatu ba a bukatar tsohon bugu, tun da akwai na zamani. Gaskiya ne matanin bugun farko ba shi ne mafi inganci ba. Masu ɗab'i sun ɗauki kwafin hannu da ya zo musu, da kurakuransa. Shi ya sa Roma ta kafa kwamitin masu gyara a 1566, aikinsu ya fito a 1582 a zamanin Giregori na 13, wanda shi kansa ya koyar da doka a Bolonya. Emil Friedberg, Bajamushe kuma ɗan Furotesta, ya fitar da bugun da masana suke ambata har yau, a Leipzig tsakanin 1879 da 1881. A shekarar 2000 kuma Anders Winroth ya nuna cewa littafin Giratiyan ya fito ne a mataki biyu, na farkon kusan rabin na biyun. Amma Friedberg ya bar sharhin a waje. Wanda yake son ya san yadda lauyan 1480 ko ɗalibin zamanin Luta ya fahimci wata doka, sai ya koma ga tsofaffin bugu, domin a kotu sharhin yana da nauyi kusa da na matanin. Wannan ita ce darajar littattafan ta gaskiya, kuma ita ce kundin gwanjo ba ya ambata.

Ga 'yan Furotesta akwai wata jarabar ta dabam, ta cewa duk kayan paparoma ne, masu kuɗi su je su ƙarata da su. A ranar 10 ga Disamba 1520, a bakin ƙofar Elster ta Wittenberg, Martin Luta ya jefa takardar barazanar paparoma cikin wuta, kuma littattafan dokar Ikilisiya suna cikin abin da aka ƙona a ranar. Yana da dalili. A cikin Giratiyan akwai wasiƙun jabu na ƙarni na 9 da aka jingina wa paparoman farko, akwai takardar ƙarya da ta ce Sarki Kustantin ya ba paparoma mulkin Yamma, wadda Lorenzo Valla ya tona asirinta tun 1440. Akwai dokokin tilasta wa 'yan bidi'a, a littafin Giregori kuma akwai wadda ta sa Yahudawa da Musulmi su sa tufafin da zai bambanta su. Ba abin da za a ɓoye a nan. Amma ƙurar ba ta kwanta ba sai ga lauyoyin Wittenberg ɗin, irin su Hieronymus Schurff abokin Luta, sun ci gaba da koyar da dokar, domin mutane ba su daina aure da gado da rigima ba. A Ingila Henri na 8 ya hana koyar da ita a Oxford da Cambridge a 1535, amma kotunan Ikilisiyar Ingila suka ci gaba da aiki da yawancinta.

Abin da suka kasa yarwa ya cancanci a sani. Daga nan ne aka tabbatar cewa yardar miji da mata ita ce take ƙulla aure, ba yardar iyaye ko biyan dukiya ba. Majalisar Lateran ta 1215 ta sa a riƙa shelar aure a majami'a kafin a ɗaura, abin da ikilisiyoyi da yawa suke yi har gobe ba tare da sanin asalinsa ba. Masanan dokar sun lura cewa Allah, da ya san kome, bai yanke wa Adamu hukunci ba sai da ya kira shi ya ji ta bakinsa, suka gina a kan haka cewa ba wanda za a hukunta ba a kira shi ba. A cikin littafin nan na 1460 ma akwai hukuncin da Kilemen na 5 ya soke shari'ar da Sarki Henri na 7 na daular Jamus ya yi wa Robert sarkin Naples a bayan idonsa, bisa dalilin cewa kare kai haƙƙi ne na halitta wanda ko babban sarki ba ya iya ƙwacewa. Kwamitin da yake shirin sa ɗan'uwa ƙarƙashin horo bisa jita-jita zai amfana da wannan shafi fiye da wanda ya saya don jar tawadarsa. A littafin dai akwai umarnin Majalisar Vienne cewa a koyar da Ibrananci da Larabci da Kaldiyanci a Paris, Oxford, Bolonya da Salamanka.

Sauran tambaya ɗaya, kuma ta shafi shugabanni kai tsaye: daga ina kasuwa take samun sabon kaya? Wani lokaci sata ce, kamar yadda aka gano a 2012 cewa an kwashe dubban littattafai daga ɗakin karatun Girolamini a Naples, da hannun shugaban ɗakin kansa. Amma sau da yawa makarantun tauhidi ne suke sayarwa da kansu. A 1978 wata makarantar tauhidi ta Anglika a New York ta sayar da Littafi Mai Tsarki na Gutenberg a kan dala miliyan 2.2, ya koma Stuttgart. Daga 1987 zuwa 1989 babbar diyosis ta Los Angeles ta yi gwanjon tarin da Estelle Doheny ta bar wa makarantar horar da firistoci a Camarillo, aka sami fiye da dala miliyan 30. Juzu'i ɗaya na Gutenberg a ciki ya tafi Japan a kan wajen dala miliyan 5.4.

Abin mamaki, littattafan da ake ɗagawa a gwanjon sun yi magana a kan wannan ɗin. A kashi na uku na Giregori akwai babi sukutum a kan ko a sayar da kayan Ikilisiya ko kada a sayar, shari'a ta 12 ta Giratiyan ma a kan dukiyar Ikilisiya take. Matsayinsu shi ne shugaba wakili ne a kan kayan, ba mai shi ba. Ba ya sayarwa shi kaɗai, sai da shawara da yardar majalisarsa, sai kuma da larura ko amfani bayyananne. Duk da haka ba su rufe ƙofa ba, domin Giratiyan ya kawo koyarwar Ambros, wanda ya narkar da tasoshin majami'a ya fanshi kamammu. Bisa wannan ma'auni ba zan ce kowane sayarwa laifi ne ba. Makarantar da rufinta yake yoyo, ba ta da mai karanta Latin, ba ta iya kare fata daga danshi, tana iya samun hujja mai kyau, kuma kwafin New York ya fi samun masu duba shi a Stuttgart. Inda nake ganin gazawa shi ne a sayar wa duk wanda ya fi ɗaga hannu ba tare da sharaɗi ba, alhali ana iya neman ɗakin karatun da zai riƙe littafin cikakke ya buɗe shi ga ɗalibai, ko da kuɗin ya ragu. Tarin da mutum ɗaya ya haɗa ya bayar amana, idan aka watsa shi kashi-kashi, abin da ya sami warƙoƙin Schöffer ne ya same shi.

Ɗalibin da yake son ganin shafukan da idonsa ba ya bukatar dala ko ɗaya. Ɗakin karatun Munik ya ɗauki hoton dubban bugun farko ya sa a intanet, Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles kuma ta sa bugun Roma na 1582 gaba ɗaya tare da sharhinsa. Wahalar tana wajen karatun, domin Latin ɗin cike yake da gajerce-gajercen kalmomi, kuma ana ambaton doka da kalmominta na farko maimakon lamba. Wanda ya ɗan taɓa harshen ya fara da ƙa'idodi 88 da suke ƙarshen littafin Bonifas, gajeru ne, sannan ya koma shari'a ta 29.